Ina Ƙarfin Taki Yake Ɓuya a Cikin Ƙasa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Furotin da Naitirojin a Gonakin Gombe da Bauchi

Tun da buhun takin zamani ya yi tsadar da ƙaramin manomi sai ya yi shawara da iyalinsa kafin ya saya, mutane suka koma tambayar abin da ke cikin ƙasar kanta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a bakin manoma, malaman gona da ɗaliban kimiyyar ƙasa a wannan yanki namu. Wasu amsar su gajeriya ce, wasu kuwa sai an zauna.

Malam, mene ne haɗin furotin da ƙarfin gona? Mu a wake da nama muka san shi.

Naitirojin shi ne sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar, shi ne kuma abin da kake biya wa kuɗi idan ka sayi yuriya: a kowane buhu mai kilo 50 akwai kilo 23 nasa. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne, amma a haka shuka ba ta iya cin sa. Saiwa tana shan sa ne idan ya zama amoniyom ko naitiret, ya narke a ruwan ƙasa.

Wannan narkakken ɗan kaɗan ne ƙwarai. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na naitirojin da ke ƙasar noma a ɗaure yake a jikin ragowar abubuwan da suka taɓa rayuwa: saiwoyi, ganye, kashin dabbobi, gawar ƙwari da ta ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. Furotin kuwa shi ne babban mazauninsa a jikin duk wani mai rai, domin kusan kashi 16 cikin ɗari na nauyin furotin naitirojin ne. Idan aka dafa ƙasar gona da asid mai ƙarfi a ɗakin gwaji, kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabin naitirojin ɗinta yakan fito a matsayin amino asid, wato gutsattsarin da ake haɗawa su zama furotin. Ashe ke nan mai maganar ƙarfin gona, ko ya sani ko bai sani ba, maganar tsohon furotin yake yi.

Idan akwai shi da yawa haka a gonata, me ya sa masarata ke yin rawaya?

Mu yi lissafi. Ƙasar hekta ɗaya, iya zurfin da garma ke kaiwa, nauyinta ya kai kimanin tan 2,500. Yawancin gonakin tudu a yankinmu naitirojin ɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Mu ɗauka gonarka tana da rabin wannan: hakan na nufin kilo 1,250, daidai da abin da ke cikin buhun yuriya sama da 50. Ga shi nan kwance a ƙarƙashin ƙafarka.

Matsalar ita ce a shekara kashi biyu zuwa huɗu cikin ɗari kaɗai ƙwayoyin ƙasa ke iya kwancewa su saki, wato kilo 25 zuwa 50. Masara mai kyau kuwa, shawarar da malaman gona suka saba bayarwa a wannan shiyya ita ce kusan kilo 120 a hekta. Giɓin da ke tsakani shi ne rawayar da kake gani, shi ne kuma ƙofar da wuta-wuta ke shigowa ta ita, domin ta fi jin daɗin gonar da ta gaji. Gero da dawa ba su kai masara ci ba, shi ya sa iyayenmu suka iya rayuwa da abin da ƙasa ke saki, suna taimaka mata da kashin shanu da hutu.

Kada a ɗauki wannan jinkiri a matsayin aibi. Da a ce duka zai kwance a damina ɗaya, ruwa ne zai tafi da shi, gonar ta zama fako.

Nama idan ya kwana biyu a zafin Gombe ya yi wari. Ta yaya furotin zai yi shekara ɗari a cikin ƙasa?

Wannan tambaya ta daɗe tana ba masana ciwon kai, kuma amsar da suke bayarwa yau ba ita ce ta da ba.

Da can ana koyar da cewa ruɓaɓɓun abubuwa suna haɗuwa a ƙasa su rikiɗe su zama wani sabon baƙin abu mai tauri wanda ƙwayoyin halitta ba sa iya narkarwa. An jingina wannan da aikin wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, wanda a 1912 ya bayyana yadda sukari da amino asid ke haɗuwa su yi duhu. Sai a shekarun 1990 aka samu na'urorin da ke duba naitirojin a cikin ƙasa ba tare da an dafa ta da asid ba. Abin da aka gani ya ba da mamaki: mafi yawansa yana nan da irin ɗaurin da yake da shi a cikin furotin. Bai rikiɗe ba. Abinci ne lafiyayye wanda ƙwayoyin halitta za su cinye cikin sa'o'i kaɗan da sun same shi. Abin da ya cece shi kawai shi ne ba su kai gare shi ba.

Ga yadda abin yake. Bakteriya ba ta da baki. Idan za ta ci furotin, sai ta fitar da wani sinadarin narkarwa ya je ya yanka shi gunduwa-gunduwa, sannan ta tsotsi gutsattsarin. Duk abin da ya shiga tsakanin wannan sinadari da furotin ya ƙara wa furotin kwana. Na farko kuma mafi girma shi ne laka. Ƙwayar laka ƙanƙanuwa ce matuƙa, faffaɗa, kuma jikinta na ɗauke da caji. Furotin ma yana da caji, don haka yana mannewa a jikinta ta wurare da yawa a lokaci guda, ya baje, har siffarsa ta canja. Sinadarin narkarwa ya zo bai sami inda zai kama ba, sau da yawa ma shi kansa, da yake shi ma furotin ne, sai lakar ta riƙe shi.

Sai tsatsar ƙarfe, wadda ke ba jangargari da marmara launinsu. Ita riƙonta ya ma fi na laka ƙarfi. Akwai kuma 'yan dunƙule-dunƙulen da ƙasa mai lafiya ke yi, waɗanda kake gani idan ka murje ta a hannu: saiwoyi da zaren naman gwari (wato dangin funfuna) da majinar ƙwayoyin halitta ne ke ɗaure su, kuma a cikinsu akwai ramuka waɗanda ko bakteriya ba ta iya shiga. Abin da ya maƙale a can ya tsira har ranar da aka fasa dunƙulen. Wannan ne dalilin da ya sa sabuwar gona da aka sare daji take yin albarka shekarun farko sannan ta fara ja da baya: garma da haro suna farfasa dunƙulen, iska ta shiga, abin da ya daɗe a ɓoye ya fito fili a cinye.

A ganina wannan shi ne jigon maganar gaba ɗaya. Ba ingancin abin da ka zuba ne kaɗai ke sa shi daɗewa ba, irin mafakar da ƙasarka za ta ba shi ce.

Wato ganyen da na zuba shi ne yake manne a lakar?

Galibi ba shi ba ne. Ganyen da kashin shanun ana cinye su da wuri. Ƙwayoyin da suka ci su suna hayayyafa, su mutu, wasu su ci gawarsu, su ma su mutu. A kowane zagaye wani ɓangare na gawar yana manne wa laka ya tsaya. Ana gane haka ne ta wasu sinadarai da ke bangon jikin bakteriya da na naman gwari waɗanda tsiro ba ya yin su, kuma a ƙasashen noma da dama an iske gawar waɗannan ƙwayoyi ta kai kusan rabin ruɓaɓɓen abin da ke cikin ƙasar.

Abin da wannan ke nufi ga manomi ya saɓa wa tunanin da aka saba. Harawar wake, ganyen gyaɗa da waken suya, waɗanda ke ruɓewa da sauri har mutum ya ce ba su bar komai ba, su ne suka fi gina ajiya mai daɗewa, saboda ƙwayoyin suna cin su da ƙoshi su bar gawa mai yawa. Saiwoyi ma haka, don suna mutuwa ne a cikin ƙasa, daf da laka.

An ce ganyen wasu itatuwa yana hana taki aiki. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Ka dubi aikin majemi. Fata furotin ce zalla, idan aka bar ta ɗanya kwana kaɗan za ta ruɓe. Majemi ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa, sinadarin bauri da ke cikin bagaruwar ya kama furotin ɗin ya ɗaure, sai ga fatar ta zama jaka ko takalmi ko kube da za a gada. Abin da ke faruwa a ƙasa ke nan idan ganye ko ɓawo mai bauri ya haɗu da furotin: ya ɗaure shi, ya rage saurin sakin naitirojin.

Don haka ganyen turare ko na mangwaro idan aka tula su a gona aka shuka nan take, kada a sa ran ganin ƙarfinsu a wannan daminar. Gara a tara su a rami tare da kashin dabbobi su ruɓe tukun. Gawo kuwa daban yake. Ganyensa yana da naitirojin, ba shi da wuyar ruɓewa, kuma yana zubar da shi ne a farkon damina daidai lokacin da shuka ke nema, ga dabbobi da ke fakewa a inuwarsa da rani suna barin kashi. Manomin da ya sare gawo don faɗaɗa kunya biyu ya yi asarar da bai lissafa ba.

Me ya sa taki ke daɗewa a gonar yayana da ke Deba, amma tawa a Dukku shekara ɗaya ya ɓace?

Ƙasarku ba ɗaya ba ce. A sassan Yamaltu-Deba, Akko da Balanga akwai baƙar lakar nan mai tsagewa da rani, mai kama ƙafa da damina, wadda ta sa Gombe ta yi suna a noman auduga. Irin lakar da ke cikinta mai kumbura ce, kuma idan aka baje fuskokin giram ɗaya nata za su iya rufe murabba'in mita 600 zuwa 800. Wurin mannewa ke nan ba iyaka. Daga Dukku zuwa Darazo da Alkaleri kuwa, da jigawar arewacin Bauchi wajen Azare da Gamawa, rairayi ya fi yawa. Ɗan lakar da ke ciki ma irin farar nan ce marar kumbura, wadda giram ɗinta bai wuce murabba'in mita 10 zuwa 30 ba. Yashi shi kansa kusan ba ya riƙe komai, ga iska na ratsa shi, ga zafi. Taki ya shiga, a cinye shi, abin da shuka ba ta sha ba ruwa ya gangara da shi.

Mai jigawa kada ya kwaikwayi mai laka. Tula amalanke ashirin a wuri ɗaya da niyyar a huta shekara biyar dabara ce ta baƙar ƙasa. A jigawa kaɗan-kaɗan duk shekara ya fi, a zuba a gindin shuka ko cikin kunya a rufe, ba a watsa a bar wa rana ba. Tsofaffin da ke fasa suri su baza ƙasarsa a gona sun san abin da suke yi: gara daga can ƙasa take haƙo laka, kuma lakar ce jigawa ta rasa.

To shekara nawa takin gargajiya yake aiki?

Kashi biyu ne. Akwai wanda ke fita a daminar farko da ta biyu, shi ne wanda ido ke gani. Akwai kuma ragowar da ke shiga ajiya.

A Rothamsted ta Ingila, inda ake gwaje-gwajen gona tun 1843, akwai wani fili na sha'ir da aka zuba wa takin dabbobi shekara ashirin, daga 1852 zuwa 1871, aka daina. Bayan fiye da shekara ɗari ana auna shi, har lokacin ya fi maƙwabcinsa da bai taɓa samun taki ba. Sai dai can ƙasar sanyi ce mai laka. A nan gida, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fara nata gwajin na dogon zango a 1950, tana gwama kashin shanu da takin zamani. Darasin da ya fito shi ne filayen da ake nomawa da takin zamani kaɗai ruɓaɓɓen abinsu yana raguwa kuma ƙasar tana yin tsami, waɗanda ake haɗa musu da kashin shanu kuwa suna riƙe ƙarfinsu. A zafinmu komai yana saurin ƙonewa, amma tsohon mashekari ko kufai ai kowa ya san yadda dawa ke yi a kansa shekaru bayan an tashi.

Abu guda da ake sakaci da shi: kusan rabin naitirojin da dabba ke fitarwa a fitsari yake, ba a kashi ba. Wanda ya shimfiɗa kara ko ƙaiƙayi a turke ya tsotse fitsarin ya fi wanda ya kwashe busasshen kashi kawai. Haka kuma takin da aka bari a fili rana ta dake shi wata uku, amfaninsa mai yawa ya bi iska.

Ita yuriya fa, tana shiga wannan ajiya ko shekara ɗaya ce kawai?

Tana shiga, ta hanyar cikin ƙwayoyin halitta da saiwoyin amfanin gona. A Faransa an zuba takin zamani mai alama ta musamman a 1982 aka yi ta bin sawunsa. Bayan kusan shekara talatin, amfanin gona ya sha kashi 61 zuwa 65 cikin ɗari, kashi 8 zuwa 12 ya gangara ruwan ƙarƙashin ƙasa, kashi 12 zuwa 15 kuma yana nan ɗaure a cikin ƙasar.

Amma sai ta shiga ƙasar tukun. Yuriyar da aka watsa a sama cikin zafi tana juyewa amoniya ta tashi, musamman a baƙar laka mai ɗan kanwa-kanwa. A tona a binne ta gefen shuka, a kasa ta kashi biyu.

Na binne karan masara a gona, sai sabuwar shukar ta fi ta bara rawaya. Me ya faru?

Ƙwayoyin ƙasa sun riga shukarka cin abinci. Jikinsu yana buƙatar kabon, wato sinadarin da ya fi yawa a jikin gawayi, kimanin kashi takwas ga naitirojin ɗaya, kuma don su narkar da abu ba tare da sun nemi ƙari ba sai ya kasance bai wuce kabon 25 ga naitirojin ɗaya ba. Karan masara da na dawa sun kai 60 ko fiye, garin katako kuwa ɗaruruwa. Da suka sami karan sai suka yawaita, suka kwashe ɗan narkakken naitirojin da ke gonar don cike giɓi. Bai ɓata ba, yana jikinsu, zai dawo idan sun mutu, amma bayan makonni, lokacin da masara ta riga ta sha wuya.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan za a binne kara, a haɗa shi da kashin kaji ko na awaki ko ɗan yuriya, ko a bar shi a sama ya rufe ƙasa gara ta yi aikinta, ko kuma a bi shi da wake ko gyaɗa ko waken suya, waɗanda ke da ƙulalai a saiwarsu inda bakteriya ke kamo musu naitirojin daga iska.

Ƙona sharar gona ba taki ba ne? Ai inda aka yi toka shuka ta fi kyau.

Toka tana da fotash da alli da ɗan fosfaras, tana kuma rage tsamin ƙasa, shi ya sa wurin ke yin kyau. Naitirojin kuwa mafi yawansa hayaƙi ya tafi da shi. Ɗan abin da ya rage a cikin gawayi wuta ta sauya masa ɗauri ya zama mai wuyar kwancewa. A nan ne kaɗai tsohuwar koyarwar nan ta cewa abu yana daɗewa saboda taurinsa take da ƙarfi sosai.

Na san kara yana da masu nema: dabbobi, danni, girki. Ba kowa ke da halin barin sa a gona ba. Amma wanda dabba ta ci, kashinta ya dawo gonar, an rage asara. Wanda aka cinna wa wuta don a huta da shara, ba wanda ya amfana.

Me ya sa shukar ruwan farko ta fi ƙarfi?

Da rani ƙwayoyin ƙasa da yawa suna mutuwa, dunƙulen ƙasa suna tsagewa. Ranar da ruwa ya sauka, waɗanda suka tsira suna farkawa su tarar da gawa birjik da abincin da ya fito daga maɓoya, sai su saki naitirojin da yawa cikin 'yan kwanaki. Wani masani mai suna Birch ne ya bayyana wannan a 1958 daga aikinsa a Gabashin Afirka, har abin ya ɗauki sunansa. Naitiret ba ya manne wa laka, don haka idan babu saiwar da za ta kama shi, manyan ruwan Yuli da Agusta za su wanke shi. Masu binne a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka wannan garaɓasa suke nema, ko da yake suna caca da tsayawar ruwa.

Lakar da ke taruwa a fadama da gindin dam fa? An ce ta fi kowace ƙasa ƙarfi.

Ka tsaya a bakin kogin Gongola cikin Agusta ka ga launin ruwan. Wannan jan ba yashi ba ne, yashi nauyi gare shi, ba ya nisa. Laka ce, kuma mun riga mun ce a jikin laka tsohon furotin yake manne. Zaizayar ƙasa tana zaɓe: tana ɗauke mai kyau ta bar wa manomi tsakuwa. Wanda ya ga kwazazzaban da suka ci unguwanni a cikin garin Gombe yana ganin babbar zaizaya, amma wadda ta fi cin gonaki ita ce siririyar nan da ke share saman kunya ba a lura ba.

Inda ruwan ya tsaya, can lakar ke kwanciya: fadamun kogin Jama'are, tafkin Dadin Kowa da aka datse a shekarun 1980, na Balanga, na Gubi da ke ba Bauchi ruwan sha. A ƙarƙashin ruwa sai wata kariya ta ƙaru a kan ta laka, wato rashin iskar oksijin. 'Yan milimitoci kaɗan daga saman taɓon iskar ta ƙare, naman gwari ba ya aiki, bakteriyar da ta rage kuma a hankali take ci. Kowace damina sabon shimfiɗi ya danne na bara. Masu binciken teku sun gano a 1994 cewa yawan ruɓaɓɓen abin da ke cikin taɓon gaɓar teku yana tafiya ne daidai da faɗin fuskar ƙwayoyin lakar, kuma da suka ɓamɓare shi daga jikinta, abin da ya yi ɗaruruwan shekaru a kwance sai ƙwayoyin halitta suka cinye mafi yawansa cikin kwanaki. Wani binciken na 2012 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin biyar na kabon da ke cikin irin wannan taɓo a jikin tsatsar ƙarfe yake riƙe.

Saboda haka lakar kududdufi ko ta bakin tafki da ta bushe da rani taki ce ta gaske ga mai jigawa, riba biyu: abinci da kuma mazaunin abincin. A guji dai ta magudanar cikin gari, inda baƙin mai da batir da dattin asibiti ke gangarawa.

Mai shinkafar fadama kuma ya lura da wannan: a cikin taɓo marar iska, bakteriya tana juya naitiret ya koma iska ya tashi. Shi ya sa cusa dunƙulen yuriya cikin taɓo zurfin yatsa ya fi watsa ta a kan ruwa.

Iyakar daɗewarsa nawa ne?

A saman gona, daga kwanaki zuwa gomman shekaru. A ƙasan inda garma ke kaiwa, ɗaruruwa har dubbai. Idan ma'adini ya rufe shi ruf, lissafin ya wuce hankali: an sami gutsattsarin furotin a ɓawon ƙwan jimina daga Laetoli ta Tanzaniya mai shekara miliyan 3.8, a ƙasa mai zafi irin tamu, kuma ɓangaren da ya tsira shi ne wanda ya fi manne wa allin ɓawon.

Bayan nan furotin ɗin yana rushewa, amma naitirojin ɗinsa yana nan. Kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce teku ta rufe wannan kwari na Gongola, ita ta bar farar ƙasar da ake haƙa a Ashaka da duwatsun laka na wajen Pindiga. Gawayin ƙasa irin na Maiganga ragowar tsirrai ne da taɓo ya binne, kuma gawayin ƙasa yakan ƙunshi naitirojin kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. Man da ake nema a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, shi ma daga abin da laka ta binne ya samo asali.

Akwai illa a wannan riƙo da laka ke yi?

Akwai. Laka ba ta tantance mai amfani da mai cuta. Akwai wata cutar ƙwaƙwalwar tumaki da wani gurɓataccen furotin ke haddasawa, wanda ke manne wa laka mai kumbura ya zauna da ƙarfinsa. A ƙasar Aislan an ga ta dawo a wani ɗakin tumaki bayan shekara 16. Wannan ƙarin dalili ne na binne mushe da zurfi, nesa da rijiya da wurin kiwo, maimakon jefar da shi a bayan gari.

Idan na kai ƙasata gwaji, za a gaya mini nawa zan samu a bana?

Za a gaya maka jimillar naitirojin da jimillar kabon, da yawan laka da yashi, da tsamin ƙasar. Sassan kimiyyar ƙasa na jami'o'i irin ta Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi suna irin wannan awo, malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jiha kuma za su iya nuna maka inda za ka kai. Sai dai jimilla ba ta faɗin abin da zai kwance a damina ɗaya, wannan ya danganta da ruwa da zafi da abin da ka shuka bara. Baƙar laka tana iya nuna adadi babba ta saki kaɗan, jigawa ta nuna ƙarami ta saki kaso mafi girma.

Idan za ka ɗebi samfur, ka ɗebo daga wurare goma zuwa goma sha biyar a faɗin gonar, zurfin santimita 20, ka guji gindin itace da tsohon turke da inda aka ƙona shara. Ka gauraya su, ka shanya a inuwa, ka kai kamar rabin kilo. Ƙasar tudu daban, ta kwari daban, kada a haɗa su a leda ɗaya. Canjin jimillar naitirojin a hankali yake, don haka ba sai an maimaita awon duk shekara ba, bayan shekara huɗu ko biyar ya isa, a watan da aka yi na farko kuma a zurfi iri ɗaya.